Amanar Littattafai A Hannun Ɗan Kwangila

Ran 15 ga watan Janairu, 2018, aka wayi gari a Ingila da labari wai wani babban kamfani mai suna Carillion ya karye. Kamfanin nan na gine-gine ne, shi ne na biyu wajen girma a duk ƙasar. Yana gina asibitoci da hanyoyin mota, yana gyaran hanyar jirgin ƙasa, yana kula da gidajen yari, har abincin 'yan makaranta ya kan dafa, duk bisa kwangila. Ma'aikatansa sun kai wajen 43,000 a ƙasashe dabam dabam. Da aka buɗe littattafan lissafinsa sai aka tarar ana bin sa bashi kusan fam miliyan 7,000, abin da ya rage a hannunsa kuwa fam miliyan 29 ne kawai.

A cikin mutanen da abin ya shafa akwai waɗansu da ba mai tsammanin za a ji sunansu a wannan magana, watau masu zuwa karatu da aron littattafai a unguwanni uku na birnin Landan, Croydon da Ealing da Harrow. Ko wace unguwa daga cikinsu ta fi garuruwa da yawa mutane, kuma ko wace tana da majalisarta mai karɓar haraji. Majalisun nan sun ba da laburarensu kwangila, kwangilar kuwa ta faɗa hannun Carillion. Don haka ran nan malaman laburare suka buɗe ƙofa ba su san wanda zai biya su albashi a ƙarshen wata ba. To, me ya gama kifi da kaska? Ina mai kwaɓa siminti, ina ajiyar littattafai?

Shekara 13 kafin wannan rana, watau a shekarun da ake ta gardamar cinikin duniya, cikin 2005, wata Baturiya mai suna Ruth Rikowski, wadda ta daɗe tana aikin laburare, ta fitar da wani littafi da Turanci mai suna Globalisation, Information and Libraries. Abin da ya ƙunsa gargaɗi ne, cewa kasuwannin duniya suna haɗewa suna zama kasuwa guda, kuma kasuwar nan ba za ta ƙyale laburare ba sai ta mai da shi haja. A lokacin waɗansu sun ɗauka ta cika tsoro. Yanzu da kwanaki suka shuɗe, ana iya ajiye gargaɗinta a hannu ɗaya, a ajiye abin da ya auku a ɗaya hannun, a auna. Wanda ya auna kuwa zai ga ta faɗi gaskiya a kan ciwon, amma ta kuskure hanyar da ya biyo ya shiga jiki.

Kafin a kai ga wannan, sai mai karatu ya san irin abin da a ke tsoron ɓacewarsa. Laburaren jama'a ba daɗaɗɗen abu ba ne ko a Ingila. A da can in talaka yana son karatu sai ya biya kuɗi a kantin haya ya karɓi littafi, in ba shi da kuɗi ya haƙura. A 1850 wani ɗan majalisa mai suna William Ewart ya yi ta fama har aka kafa doka ta yardar wa garin da ya ke da mutum fiye da 10,000 ya ɗora sisin kwabo a kan ko wace fam ta haraji don ya gina laburare. Ba a yarda da dokar nan cikin daɗin rai ba. Waɗansu 'yan majalisa suka ce don me za a karɓi kuɗin mai dukiya a saya wa lebura abin karantawa. Sabo da haka aka ɗaure ta tamau: sai kashi biyu cikin uku na masu biyan haraji da suka jefa ƙuri'a sun yarda, kuma kuɗin na gini ne da albashi, ba a sayen littafi da shi. Kai, wannan doka da ban dariya ta ke, a gina rumbu a hana zuba hatsi! Sai 1855 aka daɗa kuɗin ya zama kwabo, aka kuma yarda a sayi littattafai. Birnin Mancesta ya buɗe nasa a 1852. Daga nan abin ya yi ta yaɗuwa, har 1964 aka kafa wata doka wadda ta mai da shi tilas a kan ko wace majalisa, ta kuma hana a karɓi ko anini wajen mutumin gari don ya ari littafi.

Cikin shekarun nan ma'aikatan laburare suka zama masu sana'a sosai, da makarantunsu da jarrabawarsu, da kuma ladubban aikinsu. Ƙungiyarsu ta Amurka ta rubuta nata ladubban a 1939. Wani malami na ƙasar Indiya mai suna Ranganathan ya tsara waɗansu ka'idodi biyar tun 1931, wani kuma Michael Gorman ya lissafta takwas a littafinsa na shekara ta 2000. Ba sai an bi su ɗai ɗai ba, gama in an tace su duka kalma guda ce za ta rage, watau amana. Ƙofa a buɗe ta ke ga kowa, mai riga da maras riga. Malamin laburare ba ya tambayar mutum don me ya ke son littafi kaza, ba ya kuwa gaya wa kowa abin da wani ya ara, ko da hukuma ce ta tambaya, sai fa da takardar alƙali. Ba ya cire littafi daga kan kanta don wani babba ya ƙi jininsa. Sa'an nan yana ajiye littafin da ba mai nemansa bana, don wanda zai neme shi bayan shekara 50, wanda watakila ma ba a haife shi ba tukuna. Duk waɗannan ayyuka ba wanda ke kawo riba a cikinsu. Wanda ya gane wannan ya gane rabin maganar.

To, ga hujjar Rikowski. A 1995 aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a birnin Janiba, ƙasashe suka sa hannu a kan yarjejeniyoyi. Biyu daga ciki su ne suka tayar mata da hankali. Ta fari ta shafi cinikin ayyuka, watau abin da a ke saye ba a ɗauka a kai, kamar aikin banki, da inshora, da wayar tarho. A cikin jerin ayyukan da aka lissafta kuwa har da laburare da gidajen ajiyar kayan tarihi. Yarjejeniyar ta ware ayyukan Gwamnati, amma da sharaɗi: sai in ba a yinsu don ciniki, ba a kuwa gasa da wani a cikinsu. Rikowski ta ce nan tarkon ya ke. Laburaren da ke karɓar kuɗi wajen hayar faifan sinima, ko wajen buga wa mutum takarda, ko wanda ya sa kwamfuta alhali ga mai kanti a maƙwabta yana hayar tasa, ai ana iya cewa ya shiga ciniki da gasa. In ya shiga kuwa, wata rana wani kamfani na wata ƙasa zai zo ya ce a ba shi dama daidai da ta majalisar gari. Ba ita kaɗai ke wannan tsoro ba, babbar ƙungiyar laburare ta duniya ma ta fitar da takardar jan kunne a 2001. A wannan shekara ce kuma unguwar Haringey ta Landan ta ba wani kamfani mai suna Instant Library riƙon laburarenta na 'yan shekaru, abin da ba a taɓa yi ba a Ingila.

Hujja ce mai ma'ana, amma ba haka abin ya zo ba. Shawarwarin ciniki da aka fara a birnin Doha cikin 2001 suka yi ta jan ƙafa, zuwa 2008 suka cije. Ba a taɓa kai ƙarar wata ƙasa gaban ƙungiyar nan sabo da laburare ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. A 2008 bankuna suka durƙushe, Gwamnatin Ingila ta zuba kuɗi ta tashe su, daga 2010 kuma ta shiga tsumulmula don ta cike gurbin. Kuɗin da ta ke aika wa majalisun gari ya ragu da kusan rabi tsakanin 2010 da 2018. Majalisa kuwa tana da tsofaffi marasa ƙarfi da za ta kula da su, da marayu, da shara, waɗanda ba a iya jinkirta su ko na mako guda. In an zo yankan kasafi, laburare shi ne ba ya kuka da ƙarfi. Daga 2010 zuwa 2019 aka rufe laburare kusan 800 a Birtaniya. Ma'aikata masu albashi suka ragu daga wajen 24,000 zuwa wajen 15,000. Ba wani baƙo daga ƙetare da ya zo da takardar Janiba ya tilasta wannan. Carillion ma ɗan gida ne, babban ofishinsa a garin Wolverhampton ya ke. Majalisun da kansu suka kira 'yan kwangila, suna murna za su sami sauƙi.

Wannan shi ne babban raunin littafin. Marubuciyar ta kafa ido a kan manyan takardun da a ke sa wa hannu a nesa, har ba ta ba ƙaramin ɗakin da a ke yanka kasafin gari haƙƙinsa ba. Akwai kuma wani rauni. Littafin yana da nauyi, ga dogayen sharuɗɗan yarjejeniya, ga kuma bayanin ra'ayin Karl Marx a kan jari da ƙwadago a ƙarshensa. Malamin jami'a zai ji daɗinsa, amma mai biyan haraji, wanda ƙuri'arsa ce za ta hana a rufe laburaren unguwarsu, da wuya ya kai tsakiya bai ajiye ba. Wanda ya ga gobara, da harshen 'yan unguwa ya kamata ya yi kururuwa.

Duk da haka ba za a ce gargaɗin ya faɗi banza ba, gama abin da ta ce zai sami laburare in ya shiga hannun 'yan kasuwa, ya same shi. Sai dai adalci ne a fara jin ta bakin ɗan kwangila, don shi ma yana da abin faɗi. A lardin Jackson na jihar Oregon, a Amurka, wani kuɗi da Gwamnatin Tarayya ta saba biya a madadin harajin katako ya tsaya, a watan Afrilu na 2007 aka rufe laburare 15 gaba ɗaya. Suka yi wata shida a kulle. Wani kamfani mai suna LSSI, wanda ya fara irin wannan aiki a lardin Riverside na Kalifoniya tun 1997, shi ya karɓi kwangila ya buɗe su, ko da ya ke an rage sa'o'in buɗewa ƙwarai. Ɗan kwangila zai ce, da babu gara ba daɗi. Zai kuma ce shi yana sayen littattafai da yawa gaba ɗaya, don haka ya fi samun rahusa, kuma ba ya barin malalaci ya zauna a kujera shekara 30 don dai aikin hukuma ne. Akwai gaskiya a cikin wannan. Ba ko wane laburaren hukuma ba ne a ke karɓar baƙo da fara'a a cikinsa.

Amma a yi lissafi irin na ɗan tireda. Mai karatu ba ya biyan kome a ƙofa. Ashe ke nan ribar ɗan kwangila ba ta da wurin fitowa sai tsakanin abin da majalisa ta ba shi da abin da ya kashe. Ba shi da hanyar daɗa ciniki, sai hanyar rage kashewa. Abin da ya fi cin kuɗi a laburare kuwa albashi ne. Don haka ko ina aka ba da kwangilar nan, abin da ya kan fara biyo baya shi ne a rage ma'aikata, a sallami masu takardar sana'a a ɗauki masu araha, a taɓa fansho. Mai kanti ya kan yi murna in mutane sun yi yawa, gama ko wane kai kwabo ne. Shi kuwa mai riƙon laburare bisa kwangila, tsohuwar da ta zo tana neman a taimake ta ta cika takardar neman taimakon Gwamnati a kwamfuta, ta cinye wa ma'aikaci rabin sa'a, a littafinsa hasara ce. Ba don yana da mugun hali ba ne, tsarin ne ya zo da haka.

Labarin Croydon ya nuna wani abu kuma da ya fi wannan. Majalisar ba ta taɓa zaɓen Carillion ba. A 2013 ta ba wani kamfani dabam, reshen John Laing, kwangilar laburarenta 13. Ba a yi wata guda da fara aikin ba, cikin Oktoba na shekarar, sai John Laing ya sayar da reshen nan ga Carillion, aka haɗa da laburaren Ealing da Harrow da Hounslow, kamar yadda a kan sayar da saniya da igiyarta. Mutanen gari suka kwana a hannun wani, suka tashi a hannun wani, ba wanda ya shawarce su. Gaskiya ne an ajiye laburaren a ƙarƙashin wani ƙaramin reshe da aka ce ba na neman riba ba ne. Amma da uwar ta faɗi ɗan bai tsaya ba. Kwamitocin Majalisar Dokoki da suka binciki karyewar kamfanin a 2018 sun tarar yana sa masu kawo masa kaya su jira har kwana 120 kafin ya biya su, yana kuwa raba wa masu jari riba ko wace shekara alhali asusun fanshon ma'aikata yana ta ramewa. Hounslow ta yi sa'a ta karɓe nata tun 2017. Sauran ukun sai da rufin ya rufto suka yi ta gaggawar karɓewa.

Akwai kuma maganar wa za a tambaya. In laburare yana hannun majalisa, mai biyan haraji yana da ikon rubuta takarda ya ce a gaya masa nawa aka kashe wajen sayen littattafai bana, doka kuwa ta tilasta a ba shi amsa. In bai gamsu ba ya jira ranar zaɓe. Dokar nan ba ta hau kan kamfani kai tsaye ba, sau da yawa kuma amsar da a kan samu ita ce wannan asirin ciniki ne. Kuɗin na jama'a ne, ginin na jama'a ne, amma lissafin ya zama asiri.

Yarjejeniya ta biyu da Rikowski ta yi magana a kanta ta shafi haƙƙin mallakar rubutu da ƙirƙira. A nan ne kibiyarta ta fi kusa da sa'a, ko da ya ke nan ma ba ta ga siffar abin sosai ba, don a 2005 littafin lantarki bai yaɗu ba tukuna. Littafin lantarki shi ne wanda ba takarda, a ke karanta shi a fuskar waya ko kwamfuta. Tun da can ƙa'ida ita ce, wanda ya sayi littafin takarda ya zama nasa. Ya ga dama ya ba da aro, ya ga dama ya sayar, ya ga dama ya bar wa jikokinsa. Kotun ƙoli ta Amurka ta tabbatar da wannan tun 1908. A kan wannan ƙa'ida kaɗai laburare ke tsaye. Ba a kuwa zalunci marubuci ba, a Birtaniya ma tun dokar 1979 Gwamnati ke biyan marubuta wani ɗan abu bisa yawan aron littattafansu.

Shi littafin lantarki ba a sayar wa laburare da shi, haya a ke ba shi. A 2011 kamfanin HarperCollins ya ce in an ari littafinsa sau 26 ya ƙare, sai a sake biya. Waɗansu manyan kamfanoni suka ce nasu shekara biyu ne, ko an karanta ko ba a karanta ba, kuɗin kuwa ninkin ba ninkin abin da mutum guda zai biya. A watan Nuwamba na 2019 kamfanin Macmillan ya ce sabon littafinsa kwafi ɗaya tak zai ba ko wane laburare har mako takwas su wuce, ko da na birnin da ke da mutum miliyan ne. Malaman laburare suka tashi tsaye, waɗansu suka daina sayen kayansa, ya janye a watan Maris na 2020. Jihar Maryland ta kafa doka a 2021 don ta tilasta a ba laburare bisa sharuɗɗa masu sauƙi, alƙalin tarayya ya rushe ta a 2022. Kamfanin OverDrive kuwa, wanda ta hannunsa mafi yawan laburaren Amurka ke samun littattafan nan, wani kamfanin Japan mai suna Rakuten ya saye shi a 2015, ya kuma sayar wa waɗansu masu jujjuya jari na New York da a ke kira KKR a 2020. Nan ne haɗewar kasuwar duniya ta bayyana a fili, ba sai da wata ƙara a Janiba ba.

A dubi abin da wannan ya yi wa amana. Malamin laburare mai ajiya ne, yanzu ga shi yana biyan kuɗi shekara da shekaru ba abin da ya ajiye. Ran da kasafi ya gaza, kanta ta zama wayam. Littafin takarda ko ya tsufa a kan ɗinke shi, shi kuwa wannan mai shi yana iya janye shi daga nesa. An ga misali a 2009, sa'ad da kamfanin Amazon ya shiga na'urorin mutane ya goge waɗansu littattafan George Orwell da suka riga suka biya, don an sami kuskure wajen izinin sayarwa. Ya mayar musu da kuɗinsu, ya ba da haƙuri, amma kowa ya ga abin da a ke iya yi.

Sai maganar rufin asiri, wadda ita ce ta fi nuna bambancin mai sana'a da ɗan haya. A 2005 'yan sandan ciki na Amurka suka kai wa wata ƙungiyar laburare a jihar Connecticut takarda, bisa wata doka da aka kafa bayan harin 2001, suna neman a gaya musu wanda ya yi aiki da wata kwamfuta. Ba da hannun alƙali a jiki ba, kuma takardar ta hana su gaya wa kowa an tambaye su. Mutum huɗu masu riƙe da ƙungiyar, George Christian da Barbara Bailey da Peter Chase da Janet Nocek, suka ƙi, suka kai ƙara, suka yi kusan shekara ba su da ikon buɗe baki ko ga iyalinsu, alhali suna sane ana iya ɗaure su. A 2006 Gwamnati ta janye. Mutanen nan ba su san wanda su ke karewa ba, ba su kuwa san ko mutumin kirki ba ne. Ka'idar su ke karewa. To, kamfanin da ke da kwangilar gidajen yari da barikin soja a hannun Gwamnati, zai yarda ya ɓata da ita sabo da wani mai karatu guda? Da wuya. A wajen littafin lantarki ma ba sai hukuma ta tambaya ba, na'urar da kanta ta san wanda ya buɗe littafi, da shafin da ya tsaya. A 2014 aka gano wata manhaja ta kamfanin Adobe, wadda laburare da yawa ke aiki da ita, tana aika irin wannan labari gida ba tare da ko rufe shi ba.

Malaman laburare kansu ba za a wanke su sarai ba, wannan kuwa littafin ya taɓa shi, ya kamata a yaba masa. Tun kafin ɗan kwangila ya iso sun riga sun ari harshensa. Suka daina cewa mai karatu, suka koma cewa mai ciniki. Suka yarda a auna aikinsu da ƙirgen kawunan da suka shigo da yawan abin da aka ara, har waɗansu suka yi ta fitar da tsofaffin littattafai don a sami wurin waɗanda kasuwa ke yayi. Wanda ya yarda a auna shi da mudun ɗan kasuwa, in ɗan kasuwa ya zo ya ce shi zai cika mudun nan da araha, me zai ce masa? Sauraron yaron da gidansu ba wurin yin aikin makaranta, da ajiye jaridun gari na shekara 100, ba su shiga mudu. Su ne kuwa aikin.

Wata hanyar da majalisu suka bi ma ba ta shiga lissafin marubuciyar sosai ba, don ba kamfani a cikinta. A kan ce wa 'yan unguwa, ko ku karɓi laburaren nan ku riƙe da kanku kyauta, ko a rufe. Masu aikin sa kai a laburaren Birtaniya sun wuce 50,000 a 2018, sun ninka masu albashi sau uku. Mutanen kirki ne, Allah ya saka musu. Amma unguwar masu hali ita ke da tsofaffin malamai da akawuna masu fansho da sukunin zama a laburare, unguwar talakawa kuwa, wadda ta fi bukata, kowa yana wajen neman abinci. Kuma maƙwabcinka ne zai ga littafin da ka ara a kan bashi ko a kan ciwon da ka ke ɓoyewa.

Game da Croydon, karɓe laburare daga hannun kamfani bai zama ƙarshen wahala ba. An mayar da ma'aikata cikin littafin albashin majalisa a 2018, mutane suka yi murna. A watan Nuwamba na 2020 majalisar da kanta ta ba da sanarwa ba ta iya daidaita kasafinta, bayan ta yi hasara mai yawa a cinikin gidaje da filaye da ta shiga da kuɗin bashi, ta kuma sake irin wannan sanarwa a 2022. Aka rage ranakun buɗewa, har waɗansu laburare suka koma kwana biyu a mako. A 2024 majalisar ta yanke shawarar rufe huɗu daga cikin 13 ɗin nan, watau na Bradmore Green, da Broad Green, da Sanderstead, da Shirley, ta ce da kuɗin da aka tsimi za a daɗa ranakun buɗe sauran taran.